Yadda ake kula da giyar mota otomatik don ta daɗe tana aiki

Duk wanda ya leƙa wuraren sayar da motoci a Kano, Kaduna ko Abuja zai ga cewa yawancin Corolla, Camry, Accord da Sienna da ke jere a wurin masu giyar otomatik ne, musamman waɗanda aka shigo da su daga Amurka ta Legas ko Kwatano. Akwai sauƙin tuƙi, babu taka kuloci, babu faman sauya giya a cikin cunkoso. Sai dai ranar da giyar ta lalace, mai mota yake gane cewa in ban da inji babu abin da ya kai ta tsadar gyara. Sau da yawa ma ba a gyarawa, sai a sauke giyabos ɗin baki ɗaya a sayo na hannu, wanda shi ma ba a san irin wahalar da ya sha ba.

Giyar otomatik ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba. Sannu a hankali take lalacewa, kuma galibi daga mai matsalar ke farowa: ko an zuba wanda bai dace ba, ko ya ragu, ko ya tsufa, ko zafi ya dafa shi. Mai motar da ya kiyaye waɗannan abubuwa huɗu, ya kuma gyara wasu halayen tuƙi, zai iya shafe shekaru masu yawa ba a buɗe masa giyabos ba.

Abin da ke faruwa a cikin giyabos

Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara fitar da giyar otomatik kasuwa da yawa. Ya sa mata suna Hydra-Matic, ya gabatar da ita a 1939 a motocin Oldsmobile samfurin 1940, tana da giya huɗu. Yau akwai masu giya 8, 9 har 10, amma tushen aikin bai canja ba: mai ne ke tafiyar da komai.

Tsakanin inji da giyabos akwai wani kwano rufaffe cike da mai, wanda makanikai ke kira kwambata. A cikinsa akwai fanka biyu suna fuskantar juna. Inji yana juya ta farko, ita ta watsa mai da ƙarfi, man ya juya ta biyu, ta biyun kuma ta miƙa ƙarfin ga giya. Shi ya sa mota ke iya tsayawa a danja tana kan D ba tare da inji ya mutu ba. Idan mota ta kama gudu, wani ƙaramin kuloci da ke cikin kwanon yakan haɗe ɓangarorin biyu su juya tare, don a rage zafi da shan fetur.

Bayan kwambata akwai haƙoran ƙarfe masu zagaya juna, da jerin faya-fayai masu riƙewa da saki, waɗanda a gareji ake kira faiba. Famfon giya yana matso mai, kwamfutar mota ta buɗe ko ta rufe ƙananan bawuloli masu aiki da lantarki, man ya bi ta siraran hanyoyi ya danne faibar da ake bukata. Wannan shi ne shigar giya.

Ke nan man giya yana aiki huɗu a lokaci guda: yana ɗaukar ƙarfin inji, yana danna faiba, yana hana ƙarfe cin ƙarfe, yana kuma kwashe zafi. Aikinsa ya fi na baƙin man inji yawa, amma shi aka fi mantawa da shi.

Zafi shi ne babban abokin gaba

Man giya ya fi jin daɗin aiki a zafin da ya kama daga digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyas. Masana man inji suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna amfani da shi, cewa duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da aka saba yana ninka saurin lalacewar mai. Idan zafin ya haura digiri 120 ya daɗe a haka, man yakan fara ƙonewa, ya bar wani dauɗa mai danƙo a cikin bawuloli, robobin da ke tare mai su bushe su ƙage. Da zarar robobin sun fara sakin mai, ƙarfin da ke danne faiba ya ragu, faibar ta riƙa zamewa, zamewar ta ƙara haifar da zafi. Da haka ƙaramar matsala ke girma har giya ta daina ja.

A garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai, zafin rana kan wuce digiri 40 tsakanin Maris da Mayu. Idan aka haɗa wannan da cunkoso, ga na'urar sanyaya ɗaki a kunne, ga ƙura ta toshe lagireto, giya tana aiki ne a yanayin da littattafan motoci ke kira mai tsanani. Kusan kowane littafin mota yana da jadawali biyu, na tuƙin yau da kullum da na yanayi mai tsanani. Ga motar da ke yawo a irin waɗannan garuruwa, na biyun ne ya dace a bi.

Kowace giya da irin manta

Kuskuren da ya fi kashe giya cikin gaggawa shi ne ɗaukar cewa duk jan mai man giya ne. Launin rini ne kawai da ake sawa don a bambanta shi da sauran mayukan mota. Abin da ke raba wani da wani shi ne kauri da kuma sinadaran da ke daidaita yadda faiba ke kamawa. Akwai manyan nau'o'in giya uku da duk ake kira otomatik, kuma man wannan ba ya yi wa wancan.

Na farko shi ne wanda aka bayyana a sama, mai kwambata da faiba. Ko a cikinsa kowane kamfani da nasa. Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana shan Toyota T-IV, ta 2009 zuwa 2013 kuwa WS take sha, haka ma Camry daga 2007. Honda ta daɗe tana amfani da ATF-Z1 kafin ta maye gurbinsa da DW-1. Hyundai da Kia suna da SP-III da SP-IV. General Motors yana da Dexron tun 1967, Ford kuma yana da Mercon.

Na biyu shi ne CVT. Wannan ba shi da matakan giya. Bel ne na ƙarfe ko sarƙa da ke gudana tsakanin ƙafafu biyu masu buɗewa da tsukewa. Nissan Altima ta koma kansa tun 2007, Accord mai silinda huɗu a 2013, yawancin Corolla na Amurka kuma daga 2014. Nissan tana amfani da NS-2 ko NS-3, Honda HCF-2, Toyota kuma TC ko FE. Idan aka zuba man otomatik na gama-gari a CVT, bel ɗin zai riƙa zamewa yana karce ƙafafun, kuma wannan ɓarnar ba ta gyaruwa da canja mai daga baya.

Na uku shi ne mai kuloci biyu, wanda Volkswagen ta fitar a 2003 da sunan DSG. A ciki ya fi kama da giyar manuwal, kwamfuta ce kawai ke taka kulocin. Wasu kulocinsu a cikin mai yake, wasu kuma busasshe ne. DSG mai giya shida da kulocinsa ke cikin mai ana canja masa mai da filta duk kilomita 60,000.

Hanya mafi tabbas ta sanin man da mota ke sha ita ce littafinta. Idan ya ɓace, ana samun kwafinsa a intanet ta hanyar rubuta sunan motar da shekararta. A motoci da dama an rubuta sunan man a jikin sandar awo. Kuma a sayi mai a galan ko gora da ba a ɓalle murfinta ba, daga dillalin da aka sani. Man da ake ɗura wa mutum daga jarka babu mai iya rantsewa a kan abin da ke ciki, kuma araha ba ta ado.

Yadda ake duba mai

Duba man giya sau ɗaya a wata ya wadatar, sai kuma kafin doguwar tafiya. A motocin Toyota masu sandar awo, wato geji, ana yin haka ne: a yi tuƙi na kamar minti 15 don mai ya ɗau zafi, a tsaya a wuri shimfiɗaɗɗe, a ja hambirki, a bar inji a kunne. A taka birki a bi da giya ta kowane matsayi, ana ɗan dakatawa a kowanne, sannan a mayar P. A zaro sandar a goge da tsumma mai tsabta, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa. Man ya kasance tsakanin alamomin da aka rubuta HOT.

Tsofaffin Honda masu geji kuwa sun bambanta. Su sai an kashe inji, a auna cikin daƙiƙa 60 zuwa 90 da kashewa. Wanda ya auna Honda da tsarin Toyota, ko Toyota da tsarin Honda, awon ƙarya zai samu.

Ba yawa kaɗai ake dubawa ba. A ɗiga man a kan farar takarda. Sabon mai ja ne garau, ana hango takarda ta cikinsa. Idan ya koma ruwan ƙasa, ya fara tsufa. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, faiba ta soma ƙonewa. Idan ya zama kamar madarar da aka zuba wa jan launi, ruwa ya shiga. Wannan awon launi bai shafi kowane mai ba, domin man CVT na Nissan, alal misali, kore ne tun yana sabo.

Ƙarancin mai yana sa famfo ya zuƙi iska, ƙarfi ya ragu. Cika shi fiye da kima shi ma ɓarna ne, domin ƙarafan da ke juyawa za su kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta danna faiba. Giya ba ta shan mai yadda inji ke yi, saboda haka idan ya ragu, to yoyo yake. A duba ƙarƙashin mota da safe, a duba bakin shaf, da gasket ɗin kwanon ƙasa, da tiyoyin da ke zuwa lagireto.

Sababbin motoci da yawa ba su da geji. Camry mai silinda shida daga 2007 tana cikinsu. Irin waɗannan ana auna su ne ta wani noti da ke ƙasan giyabos, mota tana daidai a kan rami ko lif, man kuma yana wani ƙayyadadden zafi, wajen digiri 40. Aiki ne na makaniken da ke da na'urar karanta zafin mai. Wanda ya yi da ka, ko dai ya cika ko ya gaza.

Yaushe ake canjawa, kuma ta yaya

Wasu kamfanoni suna cewa man giyarsu na tsawon rayuwar mota ne. Abin lura shi ne, kamfanin ZF na Jamus, wanda ke ƙera giya wa BMW da wasu manyan motoci, yana ba da shawarar a riƙa canja man giyoyinsa. Ita ma Toyota, a jadawalin motocinta na Amurka, ta ce a canja a mil 60,000 idan motar tana jan tirela ko ɗaukar kaya mai nauyi, wato kusan kilomita 96,000. Shawarar da aka fi bayarwa ga motoci gaba ɗaya tana tsakanin kilomita 50,000 da 100,000. Motar haya, da mai kwana cikin cunkoso, da mai CVT, ya fi musu su tsaya a ƙasan wannan adadi.

A nan akwai wani abin da ke ruɗa masu motocin Amurka. Agogon tafiyarsu da mil yake ƙirga, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Motar da agogonta ya nuna 100,000 ta yi tafiyar kilomita 160,000 ke nan.

Hanyar canjawa mafi aminci ita ce a kwance notin ƙasa, man ya tsiyaye, a auna abin da ya fito, a mayar da sabo daidai wannan adadin, sannan a duba geji. Sai dai wannan ba ya fitar da man duka, domin saura yana maƙale a cikin kwambata da tiyoyi. A Corolla ta 2003 zuwa 2008, giyar tana ɗaukar kusan lita 7, amma abin da ke tsiyayewa bai fi lita 3 ba. Canji ɗaya yana sabunta ƙasa da rabi ke nan. Idan aka yi tuƙi na 'yan kwanaki aka maimaita, sabon mai ya kai kashi biyu cikin uku. A karo na uku ya haura kashi 80 cikin 100. Wannan ita ce hanyar da Honda ta fi amincewa da ita ga motocinta, maimakon wanke giya da inji.

Idan giyar tana da kwanon ƙasa da ake kwancewa, a sauke shi a canja filta, a goge maganaɗisun da ke ciki. Laushin baƙar ƙura a jikin maganaɗisu ba abin damuwa ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe da ake ji a yatsa alama ce ta ɓarna. A sa sabon gasket. Lafta gam da yawa a bakin kwanon yana jawo matsala, domin abin da ya matso ciki yakan ɓalle ya toshe filta ko bawul. Kada a wanke cikin giya da fetur ko kananzir.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa canja man giya ne ke kashe ta. Asalin maganar shi ne, mutane da yawa ba sa tunawa da man sai giya ta fara zamewa. A lokacin faiba ta riga ta cinye, kuma dauɗar da ke cikin tsohon man ce ke ɗan taimaka mata ta kama. Da an zuba sabo sai lalacewar ta fito fili, a ɗora wa sabon man laifi. Darasin shi ne a canja tun giya tana lafiya. Idan kuwa man ya riga ya yi baƙi yana wari, a bar gwani ya duba giyar tukuna, a kuma guji wanke ta da inji mai matsa mai da ƙarfi.

Lafiyar lagireto lafiyar giya ce

A yawancin motoci man giya yana fita ta tiyo ya ratsa wani ƙaramin bututu da ke cikin lagireto, ya huce, ya dawo. Don haka duk abin da ya sa inji zafi, giya ma tana ɗanɗanawa. Fankar da ba ta tashi, lagireton da ƙura da ƙwari suka toshe, da murfin da ba ya riƙe iska, duk suna rage wa giya kwana.

Zuba ruwan famfo ko na rijiya zalla a lagireto yana kawo tsatsa. Idan tsatsar ta huda bututun da man giya ke bi, ruwa ya gauraya da mai. Faiba da gam aka manne ta a jikin ƙarfe, kuma ruwa yana ɓanɓare ta. Motocin Nissan Pathfinder, Xterra da Frontier na 2005 zuwa 2010 sun yi ƙaurin suna da fashewar wannan bututu, har kamfanin ya tsawaita garantin lagiretonsu a Amurka. Duk motar da aka ga manta ya koma kamar madara, a kashe ta nan take, kada a ce bari a lallaɓa zuwa gida.

Cire tamostat da wasu makanikai ke yi da sunan maganin zafi shi ma yana taɓa giya. Kwamfutar mota ba ta barin kulocin kwambata ya haɗe sai inji ya kai wani zafi. Idan inji ya daɗe bai ɗumama ba, kwambata za ta ci gaba da zamewa, fetur ya ƙara tafiya. Ga motar haya ko mai yawan ɗaukar kaya, ƙara wani ƙaramin lagireto na man giya a gaban babban ya fi cire tamostat amfani nesa ba kusa ba.

Halayen tuƙi da ke cin giya

Sauya giya daga R zuwa D, ko daga D zuwa R, mota ba ta gama tsayawa ba, yana tilasta wa faiba yin aikin birki. Takalmin birki kuɗi kaɗan ne, faiba kuwa sai an sauke giyabos. A tsaya cak, a sauya, a jira giyar ta kama, sannan a taka totur.

Matsayin P wani ɗan ƙarfe ne da bai fi yatsa ba, wanda ke shiga tsakanin haƙora ya kulle giya. Idan aka faka a gangare ba hambirki, nauyin motar duka a kansa yake. Ƙarar da ake ji lokacin fitar da giya daga P a irin wannan wuri ita ce shaida. Tsarin da ya dace shi ne a taka birki, a ja hambirki, a bar motar ta zauna a kansa, sannan a sa P.

Sa giya a N a gangare don tsimin fetur ba ya tsimin komai a motocin zamani. Idan mota tana gangara a kan D kuma an ɗaga ƙafa daga totur, kwamfuta tana yanke fetur da kanta. A kan N kuwa dole inji ya ci gaba da sha don kada ya mutu, ga shi direba ya rasa taimakon inji wajen rage gudu.

Tsayar da mota a kan tudu da totur maimakon birki yana dafa mai a cikin kwambata. A giya mai busasshen kuloci biyu abin ya fi muni, domin ko jan jiki a hankali cikin cunkoso yana ƙona kulocin. Ya fi kyau a bari tazara ta samu, sannan a matsa gaba ɗaya. Haka nan taka totur a kan N sannan a jefa D, wasa ne mai tsada. Da safe kuma a fara tafiya a hankali na 'yan mintuna, kafin mai ya ɗumama.

Kaya, hawa, yashi da ruwa

Kowace mota tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka, an rubuta a wata takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Sienna da aka cika da fasinja, aka danƙara buhuna a baya da sama, giyarta ce ke biyan kuɗin. A hawa mai tsawo irin Hawan Kibo da ke hanyar Akwanga zuwa Jos, idan aka ji giya tana hawa tana sauka ba ta tsaya wuri ɗaya ba, a kashe O/D ko a saukar da ita zuwa 3 ko 2. Haka ma wajen saukowa, don inji ya taya birki riƙe mota.

Idan mota ta kafe a yashi ko taɓo, murza taya da ƙarfi yana ɗaga zafin mai cikin 'yan mintuna. A gwada sau biyu ko uku a hankali, in ta ƙi a haƙa, a sa katako ko duwatsu, ko a nemi masu turi.

Da damina kuma a kiyayi ruwa mai zurfi. Giyabos yana da wata 'yar ƙofar shan iska a samansa. Idan giya mai zafi ta nutse a ruwan sanyi, takan zuƙo ruwa ta wannan ƙofar. Duk motar da ta ratsa ambaliya, a duba manta a ranar.

Idan mota ta mutu a hanya, a tuna cewa inji ne ke juya famfon giya. Jan ta da igiya, tayoyin da ke ja suna ƙasa, yana nufin ƙarafa na juyawa babu mai. Motar da ke ja da gaba, a ɗaga gabanta. Mai ja da taya huɗu, a ɗora ta a kan janwe baki ɗaya. Kuma motar otomatik ba ta tashi da turi.

Alamomin da ba a ɗaga musu ƙafa

Giya tana ba da sanarwa kafin ta tsaya. Daga ciki akwai jinkiri kafin ta kama bayan an sa D ko R, da ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, da bugu ko fizga lokacin sauyawa, da karkarwa a matsakaicin gudu kamar ana bin hanya mai gargada, da kuka ko warin ƙuna. Wani lokaci motar takan maƙale a giya ta biyu ko ta uku ta ƙi sauyawa. Wannan kwamfuta ce ta ga matsala ta taƙaita aikin giyar don kare ta, ba lallai ne giyar ta mutu ba.

A nan ne fasaha ke ceton aljihu. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da soket ɗin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari. Akwai ƙananan na'urori irin su ELM327 da ake soka wa a wurin, su haɗu da waya ta Bluetooth, manhaja ta nuna lambar matsalar. P0700 na nufin kwamfutar giya ta ga matsala, sai a nemi lambar da ke biye. P0715 ta shafi sensar da ke auna gudun shigar giya, P0730 na nuna giya ba ta kan matakin da ya kamata, P0741 kuma kulocin kwambata ne. A wasu motoci manhajar tana iya nuna zafin man giya ana cikin tafiya. Ƙananan na'urorin ba sa karanta komai a kowace mota, don haka wani lokaci sai an je wurin mai babbar na'ura.

Amfanin wannan shi ne, sau da yawa abin da ake zaton mutuwar giya ce, sensa ce ta lalace, ko bawul ɗaya, ko waya ta tsinke, ko batir ya yi sanyi. Ko fulogin da ba ya ba da wuta da kyau, ko robar da ke riƙe inji da ta yage, suna iya kawo fizgar da ta yi kama da ta giya. Kada a yarda a sauke giyabos kafin a sa na'ura, a duba mai, a kuma gwada motar a hanya.

Ga wanda ya sayi motar hannu

Motar da ta ƙetaro teku ba kasafai take zuwa da tarihin gyaranta ba, kuma agogon tafiya ana iya taɓa shi. Kafin a biya kuɗi, a tayar da ita da sanyin safiya a ga ko giya tana kamawa nan da nan, a yi tafiyar da za ta shiga kowace giya har ta ɗau zafi, a duba launin mai da warinsa, a sa na'ura.

Bayan an saya, idan giyar lafiya take kuma man bai ƙone ba, a canja shi da wanda littafi ya ambata, a rubuta kwanan wata da adadin da agogo ya nuna a takarda ko a waya. Daga wannan rana lissafi ya fara. Sai duba geji duk wata, wanke lagireto bayan hunturu, da sauraron motar idan ta canja murya. Kuɗin lita 3 ko 4 na man da ya dace, ko da an maimaita sau uku, bai kama ƙafar kuɗin giyabos ɗin hannu da ladan ɗora shi ba.